Oksimita ta yatsa a teburin karɓar marasa lafiya: ku saya, amma kar ku miƙa mata wuya

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya, musamman ku da ke zama a teburin farko inda mara lafiya ke fara tsayawa kafin ya ga likita. Akan 'yar na'urar nan ta yatsa nake son magana, oksimita, wadda ake maƙala wa mutum ta nuna yawan oksijin ɗin da ke jininsa da bugun zuciyarsa. Abokan aiki sun sha tambayata wai ko har yanzu akwai amfanin ƙaramin asibiti ya kashe kuɗi a kanta tunda korona ta lafa, ni dai amsata eh ce, ku saya, kuma kar ku sayi guda ɗaya tal. In ma kuɗin abu ɗaya gare ku tsakaninta da bindigar auna zafin goshi to ku ɗauki oksimita ku ƙyale bindigar, tamomita na hammata ya ishe ku. Amma fa tana da inda take shara ƙarya, kuma ƙaryar tata ta fi faɗawa kan mu masu baƙar fata, wannan ne ba zaka taɓa gani a jikin kwali ba.

Wadda nake aiki da ita irin ta gama-garin nan ce, ba zan kama suna ba dan wallahi abu ɗaya ne ake buga masa suna kala-kala, kwali ne kawai ke bambanta. Batir biyu ƙanana take ci, maɓalli ɗaya, ka buɗe bakinta ka zura yatsa, kan kace me lamba biyu sun fito, ta oksijin da ta bugun zuciya. Tawa harda ɗan layin nan mai hawa da sauka yana bin bugun jini, da wata ƙaramar lamba a gefe da aka rubuta PI wadda ke nuna ƙarfin jinin da ke isa yatsan. In ka zare yatsa ta kashe kanta. Tana shiga aljihun yunifom ba nauyi, akwai igiyar ratayawa a wuya amma ni bana son igiyar, anjima zan faɗi dalili.

Yanda take aiki ba wani siddabaru bane. Fitilu biyu ne a ciki, ɗaya ja ɗaya kuma irin hasken da ido baya gani, jan yana kan nanomita 660 ɗayan 940, wato ma'aunin tsawon zangon hasken. Jinin da ya ɗauko oksijin da wanda bai ɗauko ba kowanne da yanda yake shanye waɗannan hasken, sai na'urar ta duba abin da ya ratsa yatsa ya fito ta ɗaya gefen a daidai lokacin da jijiya ke harbawa, ta yi lissafinta. Wani injiniya ɗan Japan ne mai suna Takuo Aoyagi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970 yana aiki a kamfanin Nihon Kohden, kuma ikon Allah a watan Afrilun 2020 ya mutu, daidai lokacin da duniya ke wawason na'urar tasa. Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne haske ne ke ratsa fata, dan haka duk abin da zai tare haske ko ya rage harbawar jini zai taɓa lambar.

To me ya haɗa ta da ranar da wata sabuwar cutar numfashi irin korona za ta ɓulla? Ai duk wanda ya yi aiki a farkon 2020 ya sani, ranar da sabon bairos ya ɓulla babu wani kit ɗin gwaji a durowarka, babu rigakafi, babu magani, sunan cutar ma sai daga baya ake raɗa mata. Korona a Disambar 2019 aka fara jin labarinta a Wuhan, sai 30 ga Janairun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci, sunan COVID-19 kuma sai 11 ga Fabrairu, gwajin gaggawa da ake yi a tebur ya ɗauki watanni kafin ya iso hannun ƙananan asibitoci. A irin wannan tsakanin tambaya biyu ce a gabanka akan duk mai tari da zazzaɓi, shin wannan zai iya zama ita ce, sannan yaya tsananin jikinsa yake. Oksimita ta biyun kawai take amsawa, amma tana amsa ta da kyau fiye da duk wani abu mai araha da na sani.

Korona ce ta koya wa da yawanmu cewa mutum zai iya zama oksijin ɗinsa ya yi ƙasa sosai kuma shi bai ji komai ba. Akwai wani dattijo da ɗansa ya kawo, yana zaune a benci yana ta mita akan layin kati, murya ras, ba haki ba komai. Na ce Baba kawo yatsanka, ya ce 'yata ni fa lafiyata lau, tarin nan ne kawai ya hana ni barci ki rubuta min maganin tari in tafi. Na maƙala masa, 86. Na murza yatsan ya yi ɗumi, na koma ɗaya hannun, na jira layin ya daidaita, 87. Sai na ajiye biro na ƙirga numfashinsa minti guda cur ina kallon ƙirjinsa, 32, gajeru-gajeru wanda in ba ka zuba ido ba ba zaka lura ba sam dan yana magana a tsakani. Ɗan nasa ya ce Sista ai da ƙafarsa ya shigo. Na ce na gani Yaya, amma ba da ƙafarsa zai fita ba yau, kujera za mu kawo. Mutum irin wannan in babu na'urar nan sirof za a ba shi ya koma gida, ya dawo cikin dare a sume.

Lambobin da nake aiki da su ba nawa bane. Mai lafiya yawanci 95 zuwa 100 ne. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kula da masu korona, babba da ya yi ƙasa da 90 ba tare da an sa masa oksijin ba, ko numfashinsa ya haura 30 a minti, ko yana fama sosai kafin ya ja iska, ya shiga sahun masu tsanani. Yara kuma saurin numfashi ana duba shi da shekaru, jariri ƙasa da wata 2 daga 60, wata 2 zuwa 11 daga 50, shekara 1 zuwa 5 daga 40, ga kuma faɗawar ƙirji da kasa shan nono. Mai ciki ana so a riƙe ta sama kaɗan, 92 zuwa 95. A Ingila lokacin da suka rarraba wa mutane na'urar su rinƙa aunawa a gida sun ja layinsu sama da haka, 92 ko ƙasa a garzaya asibiti, 93 da 94 a kira likita. Kuma lambar ba ta tsaya kan a kwantar ko a sallama ba, har magani take yankewa, dan binciken RECOVERY da aka yi a Birtaniya ya nuna a Yunin 2020 cewa maganin dexamethasone (dexa) yana rage mutuwa ga masu buƙatar oksijin da waɗanda ke kan injin numfashi, amma bai amfani wanda oksijin ɗinsa ke lafiya ba. Kenan wanda ke raba dexa ga duk mai tari ba tare da ya auna ba caca yake.

Wata dabara da na ji daɗinta, in mutum ya nuna 95 ko 96 amma hankalinka bai kwanta ba, sa shi ya ɗan yi taku 40 ko ya rinƙa tashi yana zama na minti ɗaya sai ka sake aunawa, in ya faɗi da maki 3 ko fiye to akwai magana a huhun. Kar dai a yi wa wanda tuni ya yi ƙasa, kuma kana tsaye kusa da shi.

Yanzu ga inda mutane ke ruɗewa. Na'urar nan ba ta san bairos ba. 88 na mai nimoniya da 88 na mai asma da na mai ciwon zuciya da na mai sabuwar cuta duk ɗaya ne a wurinta, sannan mai ɗauke da cutar da ya fi kowa yaɗa ta zai iya nuna 98 yana murmushi. Na sha ganin an auna mutum an ce ai oksijin ɗinsa lafiya lau sai a mayar da shi cikin jama'a ya zauna yana tari, wannan kuskure ne babba. Abin da ke kamo wanda ake zargi baki ne, tambaya. Yaushe ya fara, ina ka je cikin kwana 14 da suka wuce, akwai mai irin wannan ciwon a gidanku ko wurin aikinku, ka yi jinyar wani, ka kwanta a wani asibiti, kana hulɗa da kaji ko tsuntsaye ko raƙuma ko aladu, dabbobi sun mutu a wurinka. In kuma ma'aikacin lafiya ne ya zo da ciwon huhu mai tsanani, ko mutum biyu uku daga gida ɗaya, to kunnenka ya tashi ko da babu tafiya.

Ku duba abin da ya faru a Koriya ta Kudu a 2015. Mutum ɗaya ne ɗan shekara 68 ya dawo daga Gabas ta Tsakiya da MERS, cutar da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012 wadda ke da alaƙa da raƙuma, ya zaga wuraren jinya har huɗu kafin a gane abin da ke damunsa. Ƙarshenta mutum 186 suka kamu 38 suka mutu, kusan duk a cikin asibitoci, akwai ma majinyaci guda da ya shafa wa sama da mutum 80 a ɗakin gaggawa na wani babban asibiti a Seoul saboda cunkoso. Waɗannan asibitoci ne da suke da na'urori na gani na faɗa, oksimita kam ba a maganarta, abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗa tari da tarihin tafiya da wuri da kuma ware mutum. SARS ma, wata cutar numfashi mai tsanani, a 2003 haka ta yi, ma'aikatan lafiya sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutum dubu 8 da wani abu da suka kamu, kuma Dakta Carlo Urbani na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara ankarar da duniya daga Hanoi ta Vietnam ita ce ta yi ajalinsa a watan Maris na shekarar.

Shiyasa ni a teburina oksimita ba ita ce ta farko ba. Mai tari na shigowa takunkumi ne farko, a miƙa masa ya sa, ya goge hannu da sanitaiza, a nuna masa inda zai zauna daban inda iska ke shiga tana fita, aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da kowa, in da ɗaki na musamman ya fi. Ni ma takunkumina na fuskata, in zan matsa kusa ga abin kare ido da gawun da safar hannu, takunkumi mai tace iska sosai na N95 kuma na ajiye shi dan aikin da ke tada feshi kaman zuƙe majina ko zura bututun numfashi. Sai tambayoyi, sannan yatsa. In ya cika sharuɗɗan zargi a kira jami'in sa ido kan cututtuka a ranar ba sai gobe ba, a rubuta sunan duk wanda ya zauna kusa da shi da ma'aikatan da suka taɓa shi, a ɗauki sampul ta hanci da maƙogwaro a sa a kwalbar ruwan ajiya, a riƙe shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, a naɗe shi hawa uku kafin ya tafi lab. In za a tura shi babban asibiti a buga waya tukuna su shirya, kuma a rubuta lambar oksijin da lokacin da aka auna a takardar, da ko yana kan oksijin ko a'a, dan 93 a kan oksijin lita 5 da 93 a iskar Allah ba abu ɗaya bane ko kaɗan.

Mu dawo kan na'urar, ga aibinta mafi girma. A Disambar 2020 likitoci a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da bincike a mujallar New England Journal of Medicine, sun gwada abin da oksimita ta nuna da abin da aka samu a jinin jijiya kai tsaye. Cikin waɗanda na'urar ta ce suna tsakanin 92 da 96, baƙaƙen fata kashi 11.7 cikin ɗari ainihin oksijin ɗinsu ƙasa da 88 yake, farare kuma kashi 3.6. Ninki uku kenan. Kuma lura, ba ƙasa take kai lambar ba balle ka ce ai gara a tsorata a banza, sama take kai ta, ta nuna maka mutum ya fi yadda yake lafiya. Dalilin ba ɓoyayye bane, launin fata yana shan wani ɓangare na jan hasken, su kuma kamfanoni sun saita lissafinsu ne da jikin 'yan sa kai da akasarinsu farare ne. Ƙa'idar 2013 ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, mutum 10 kawai ta nema a gwada, a ciki biyu ko kashi 15 masu duhun fata, mutum biyu fa jama'a. Sai a Fabrairun 2021 hukumar ta fitar da gargaɗi, a Janairun 2025 kuma ta kawo daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman mutum 150 ko fiye masu launi daban-daban. To ita wadda ke aljihuna yanzu kafin wannan sabon daftarin aka ƙera ta.

Ko babu maganar fata ma, FDA da kanta ta ce na'urar da ta amince da ita in ta nuna 90 gaskiyar tana iya zama ko'ina tsakanin 86 da 94. Ana saita su ne daga 70 zuwa 100, ƙasa da 70 kintace ne kawai. Masu arahar kuma sai a hankali, a 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco sun gwada guda shida marasa tsada, biyu ne kaɗai suka tsallake. Abin haushin shi ne a jikin mai lafiya duka suna nuna 97 98 gwanin sha'awa, sai an gangaro ƙasa inda ake buƙatarsu suke fara tangaɗi, dan haka maƙala ta a yatsanka a shago ka ga 98 ba gwaji bane.

Yaya nake yi da wannan? Ni dai 92 zuwa 94 a jikin mai duhun fata da ke tari da zazzaɓi bana ɗaukarsa a matsayin ya tsira. Ina ƙirga numfashi, ina duba leɓe da cikin baki da harshe, ina jin ko zai iya kai jimla ƙarshe ba tare da ya tsaya ya ja iska ba, ko ya fara ruɗewa, ko hancin yaro na buɗewa yana rufewa. In lambar ta ce lafiya jiki ya ce a'a, jiki nake bi, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sannan tafiyar lambar ta fi lambar kanta amfani, wanda ya shigo da 96 bayan awa biyu ya koma 93 da na'ura ɗaya a yatsa ɗaya ya fi tada min hankali akan wanda ke 93 tun safe bai motsa ba. Shiyasa yana da kyau majinyaci ɗaya a bi shi da na'ura ɗaya, kar a rinƙa canja masa.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma kullum sai ka haɗu da su. Yatsa mai sanyi ko mutumin da hawan jininsa ya faɗi, sai ta yi ta lalube ta fito da lambar banza ko ta ƙi fitowa, a nan ne layin nan da lambar PI ke ceto, in layin ya zama hargitsattse ko PI ya yi ƙasa sosai kar ka rubuta komai, ɗumama hannun ka sake. Wallahi duk wadda ba ta da wannan layin kar ku saya ko kyauta ce. Mai rawar sanyi ko mai tari ba ƙaƙƙautawa dole ka riƙe hannun a cinyarsa ya tsaya cak, kuma ka ba ta kaman rabin minti zuwa minti, lambar farko da ta faɗo ba ita bace. Fentin farce mai duhu da farcen roba suna tare haske, a goge ko a juya na'urar ta kama yatsan ta gefe. Hasken rana kai tsaye yana rikita ta kuma skirin ɗin tawa baya karantuwa a waje sai ka yi masa inuwa da tafin hannu, wanda abin takaici ne tunda a waje ake son a rinƙa tantance masu tari. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko gawayi zata nuna 99 alhali yana mutuwa, dan ba ta bambanta iskar gubar da oksijin. Mai ƙarancin jini sosai shi ma zai iya nuna lamba mai kyau, ita kaso take faɗa ba yawan jinin ba. Yara ƙanana kuwa kar ma a fara, yatsan baya cika bakinta, haske na zagayewa ta gefe, sai an samu ta yara ko mai naɗewa a ƙafar jariri.

Ƙarfin jiki, matsakaici. Murfin batir ne ke fara sakewa har sai an kama shi da filasta, sifirin ɗin bakin yana laushi da daɗewa ta daina kama yatsa da kyau, faɗuwa ɗaya a siminti kan iya gamawa da ita. Batir in ya yi rauni skirin na dusashewa kuma ni bana yarda da lambar a wannan halin, canjawa nake.

Maganar tsafta ita ce na fi ganin ana sakaci da ita. Abu ne da ke shiga yatsan mai tari, wanda yanzu ya gama share majina da hannun, ya fito ya shiga yatsan na bayansa. Bayan kowane mutum a goge robar ciki da bayanta da auduga mai sifirit kashi 70 a bari ta bushe, kar a tsoma ta a ruwa kar a fesa mata kai tsaye. Ruwan bilic kan iya lalata robar da gilashin fitilar, na benci da tebur ne. Igiyar wuyan nan kuwa yadi ce, ba ta goguwa, tana lilo a kan gawun ɗinka tana shafar komai sannan ka cire ta ta kan fuskarka, cire ta ka yar tun ranar farko. Wannan ne ma ya sa na ce ɗaya ba ta isa, wadda ke ɗakin killacewa ta zauna can kar ta fito, ta teburin karɓa daban, ga ta ajiya.

Ita kuma bindigar goshi da na ce a ƙyale, ba wai ba ta da amfani sam bane, tana da sauri kuma ba ta taɓa jiki. Amma zafin fata take aunawa, wanda ya sha rana ta ce zazzaɓi, wanda gumi ya bushe masa ko ya fito daga mota mai AC ta ce 35, wanda ya haɗiyi farasitamol kafin ya fito ya wuce salin alin, tsofaffi da dama ma cutar na cinsu ba tare da zafin ya kai digiri 38 ba, ga masu yaɗawa kafin alama ta fito. Shi ya sa ma ma'anar da ake amfani da ita wajen sa ido kan cutar numfashi mai tsanani ta haɗa da wanda ya ce ya yi zazzaɓi ko da yanzu babu, tare da tari, cikin kwana 10. Abin da ya fi ɓata min rai da bindigar shi ne kwanciyar hankalin ƙarya da take ba mai gadi a ƙofa, ya harba ya ga kore ya ce wuce, babu wanda ya tambayi mutumin ko yana tari.

In asibitinku na da hali, ku haura zuwa ta hannu mai waya, wadda jikinta daban abin maƙalawa daban, irin wadda ƙungiyar Lifebox ke rarrabawa tun 2011 dan ɗakunan tiyata a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ana canja mata kai na manya da na yara da na jarirai, ana cajinta, tana ƙara in lamba ta faɗi, zaka iya barinta a jikin wanda ke kan oksijin kana wani aikin. Ta yatsa ba ta wannan, aune ɗaya ce ka cire. Ni a ganina ɗakin killacewa da ɗakin yara ta hannu ya kamata, 'yan yatsan kuma teburin karɓa da aljihun kowace nas.

Wajen saye ku karanta 'yar takardar ciki ba kwali ba. In kun ga an rubuta wai dan 'yan wasanni ko matuƙa jirgi ce ba dan aikin asibiti ba, ku mayar, da yawa haka suke rubutawa da ƙananan haruffa a can ƙasa. Ku nemi wadda ta ambaci ma'aunin ingancin oksimita na ƙasa da ƙasa, wato ISO 80601-2-61, ta kuma faɗi iyakar kuskurenta tsakanin 70 da 100, kuma a tambayi mai kawo kayan takardar da ke nuna an gwada ta a kan masu duhun fata, ko ba shi da ita a dai tambaya, in tambayar ta yi yawa dole su fara nemowa. In kun karɓa ku kai ta inda ake da babbar monita ku gwada su tare a jikin majinyacin da oksijin ɗinsa ke ƙasa, yatsa ɗaya wannan ɗaya wancan, in tazarar ta wuce maki 3 a kai a kai to ku ajiye ta gefe ku gwada wata. Batir kuma a sayo shi tare da ita kwali guda a kulle a durowar da mai aikin dare ke da makullinta.